Gyara Kayanka: Tarken Sharhin da Ake Yi wa Hotunan 'Yan Koyo a Gasa Mai Jigo

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma duk wanda ya taɓa zama alƙalin gasa, ko ta waƙa ce ko ta zube ko ta zane, ya san cewa furta wannan "gyara kayanka" ta yadda mai kaya zai ji ya gyara, ba tare da ya yi zuciya ya yar da kayan ba, aiki ne mai wuyar gaske. Wannan maƙala za ta dubi wannan matsala a wani fage da manazarta Hausa ba su cika leƙawa ba, watau fagen ɗaukar hoto, musamman irin sharhin da ake yi wa hotunan da 'yan koyo ke shigarwa a gasar da aka ƙayyade wa jigo.

Ya kamata tun farko a fayyace kalmomi uku. Abin da ake nufi da "ɗan koyo" a nan shi ne duk mai ɗaukar hoto don sha'awa, wanda ba da sana'ar yake ci ba, ko da kuwa ya daɗe yana yi. Masu labarin wasanni kan kira irin waɗannan mutane 'yan dagaji, to amma da yake kalmar tana da ƙanshin raini, an kauce mata. "Gasa mai jigo" kuwa ita ce wadda masu shiryawa ke ba da batu guda, kamar abinci ko sufuri ko yanayi, su ce kowa ya kawo hoton da ya dace da shi. "Sharhi" shi ne maganar da alƙali ko malami ke mayar wa mai hoto game da aikinsa, baya ga maki ko kyauta.

Ra'ayin da za a kare shi ne cewa sharhin da zai amfani ɗan koyo dole ya faro daga jigo, watau daga abin da mai hoton ya fahimta game da batun da aka ba shi, sa'an nan a auna haske da tsari da sauran dabaru gwargwadon yadda suka taimaki wannan fahimta ko suka tauye ta. Za a kuma nuna cewa malamin Hausa yana da kayan wannan aiki a hannu, domin hanyoyin feɗe waƙa da aka riga aka sani suna iya ɗaukar hoto idan an yi musu 'yar kwaskwarima.

2.0 Asalin gasar da matsayin ɗan koyo

An bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa a shekarar 1839, kuma a 1853 aka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Landan, wadda daga baya ta zama Royal Photographic Society. A wancan zamani sai mai hali da sanin haɗa magunguna ke iya wannan aiki. Abin ya sauya a 1888, lokacin da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, wadda mai ita zai ɗauki hotuna kawai ya aika wa kamfani ya wanke masa. A 1900 kuma aka fito da kyamarar Brownie a kan dala ɗaya. Daga nan ne ɗaukar hoto ya zama abin sha'awar talaka, ƙungiyoyin 'yan koyo suka yawaita a garuruwan Turai da Amurka.

A ƙungiyoyin Ingila ne al'adar sharhi ta fi kafuwa, kuma har yau ana yin ta. Ƙungiya kan shirya gasa a kai a kai, wani lokaci a bar kowa ya kawo abin da ya ga dama, wani lokaci a ƙayyade jigo. Sai a gayyato alƙali daga waje, a riƙa nuna hotuna ɗaya bayan ɗaya ba tare da ambaton sunan mai su ba, shi kuwa ya yi magana a kan kowanne na ɗan taƙaitaccen lokaci a gaban jama'a, ya ba da maki, galibi cikin 10 ko cikin 20. A 1965 Pierre Bourdieu da abokan aikinsa suka buga wani bincike a kan masu ɗaukar hoto na sha'awa a Faransa. Daga cikin abin da suka gano akwai cewa yawancin mutane ba sa ɗaukar hoto sai a lokutan da iyali ke girmamawa, kamar biki da hutu, su kuwa 'yan ƙungiya, don su bambanta kansu da gama-gari, sukan karkata ko dai ga ƙwarewa a kan na'ura ko ga kwaikwayon masu zane. Wannan karkata tana nan a bakin alƙalai da yawa, kamar yadda za a gani.

Zuwan intanet da wayar hannu mai kyamara ya faɗaɗa fagen fiye da tunani. Gasar Wiki Loves Monuments, wadda aka fara a Holan a 2010, ta tara hotuna 168,208 a 2011, har kundin Guinness ya sa ta a matsayin gasar hoto mafi girma a duniya. 'Yar'uwarta da ta shafi wannan nahiya, watau Wiki Loves Africa, an fara ta a 2014, kuma ita ce misali mafi kusa da mai karatun Hausa, domin 'yan koyo daga Nijeriya da maƙwabtanta suna shiga. Kowane zagaye da jigonsa: abinci a 2014, sutura da ado a 2015, kiɗa da rawa a 2016, mutane a bakin aiki a 2017, wasa a 2019, sufuri a 2020, lafiya a 2021, gida da muhalli a 2022, yanayi a 2023, ƙirƙira a 2024, sa'an nan daga gona zuwa akushi a 2025. Hotunan da aka shigar sukan zauna a rumbun Wikimedia Commons ƙarƙashin lasisin da ya yarje wa kowa ya yi amfani da su, kuma daga nan ake ɗibar wasu a ƙawata maƙalun Wikipedia. Ke nan hoton ɗan koyo ba ya ƙarewa ranar da aka raba kyauta. Yana iya zama hoton da baƙo a wata nahiya zai fara gani game da fura ko dambe ko kasuwar Kurmi, kuma wannan shi ya sa ingancin sharhin da ake yi wa mai shi ya wuce batun jin daɗinsa shi kaɗai.

3.0 Illoli uku

Illa ta farko ita ce shiru. A manyan gasanni ana tace dubban hotuna ne zagaye-zagaye, kuma a zagayen farko abin da mai tacewa ke yi bai wuce "e" ko "a'a" ba. Babu laifi a kan masu shiryawa, domin ba mai iya rubuta wa mutum dubu goma wasiƙa. Amma sakamakon shi ne mafi yawan masu shiga ba sa jin komai sai sunayen waɗanda suka ci. Ɗan koyo kuwa, da ya rasa mai gaya masa inda ya kuskure, sai ya ɗauki hotunan da suka yi nasara a matsayin malaminsa, ya kwaikwayi kamanninsu ba tare da ya san dalilin nasararsu ba. Idan hoton faɗuwar rana ya ci bana, baɗi sai a cika wuri da faɗuwar rana.

Illa ta biyu ita ce yabo maras tushe. "Ya yi kyau," "Allah ya ƙara basira," "gwani na gwanaye," duk kalmomi ne na ladabi da al'ada ta yarda da su, kuma suna da amfani wajen ƙarfafa gwiwa. Sai dai wanda aka ce wa hotonsa ya yi kyau, ba a nuna masa wane ɓangare ne ya yi kyau ba, ba zai iya maimaita kyawun da gangan ba, balle ya gane abin da ya hana shi cin gasa.

Illa ta uku, wadda ta fi sauran ɓoyuwa, ita ce mayar da shawara doka. Misali mafi shahara shi ne ƙa'idar kashi uku, wadda ke cewa a raba fuskar hoto gida uku a tsaye da kwance, a ajiye muhimmin abu inda layukan suka haɗu. An samo sunan wannan ƙa'ida a wani littafi da John Thomas Smith ya buga a Ingila a 1797 game da zanen karkara, tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Shawara ce mai amfani ga wanda ya saba dasa komai a tsakiya ba da tunani ba. Amma idan alƙali ya riƙe ta ma'auni tilo, to zai kayar da yawancin hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya kuma yi suna a duniya da hotunan mutane zaune ko tsaye a tsakiyar fage sosai, kewaye da zanen atamfa. Alƙalin da ke fara magana da ƙa'ida yakan yi haka ne don ƙa'ida ta fi sauƙin faɗa a cikin minti biyu. Abin da ya fi wuya shi ne ya tsaya ya tambayi kansa abin da mai hoton ke son nunawa.

4.0 Gadon feɗe hoto

Masu nazarin zane da hoto a ƙasashen Turawa sun daɗe da tsara matakan tarke. Edmund Feldman ya jera huɗu: bayyanawa, ƙwanƙwancewa, fassarawa, yanke hukunci. Terry Barrett, a littafinsa na 1990 kan tarken hotuna, ya bi kusan wannan hanya, yana jaddada cewa hukunci ba ya zuwa sai bayan bayani da fassara. John Szarkowski kuma, a littafinsa na 1966, ya ware abubuwa biyar da suka keɓanta ga hoto: abin da aka ɗauka shi kansa, ɗan ɓangaren da aka zaɓa, iyakokin hoto, lokaci, da matsayar mai ɗauka. Wanda ya yi karatun adabin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kalmomin tarke da masana irin su Ɗalhatu Muhammad da Abdulƙadir Ɗangambo suka daidaita a shekarun 1970 da 1980, musamman tsarin da Ɗangambo ya kira gadon feɗe waƙa, sun riga sun koya wa ɗalibi ya fara da jigo da warwararsa, ya bi da zubi da tsari, ya ƙare da salo da sarrafa harshe. Idan aka haɗa hanyoyin biyu, za a sami matakai biyar.

4.1 Bayyanawa

Kafin komai, mai sharhi ya faɗi abin da ya gani a hoton da kalmomi masu sauƙi: mutum nawa, me suke yi, ina idon mai kallo ya fara sauka, ina ya tafi daga nan. Wannan mataki yana kama da ɓata lokaci, amma sau da yawa shi kaɗai ya isa darasi. Mai hoto yana ganin aikinsa ne haɗe da abin da ya tuna na wurin, watau hayaniya da ƙamshi da wahalar da ya sha kafin ya isa. Mai kallo ba shi da ko ɗaya daga ciki. Idan alƙali ya ce idonsa ya fara sauka a kan jar robar da ke gefe kafin ya ga mai tallar, to mai hoto ya koyi abin da ba zai taɓa gani da kansa ba.

4.2 Jigo

A nan ake tambaya biyu. Ta farko, shin hoton ya shiga cikin jigon da aka bayar? Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, me ya ce game da jigon? Kamar yadda waƙa kan sami furucin jigo da warwarar jigo, haka hoto. Hoton mota a gasar sufuri ya furta jigo. Hoton da ya nuna yadda aka ɗaure buhunan albasa a saman motar, da yaron mota a maƙale a baya, ya fara warware shi. Yawancin hotunan 'yan koyo a furuci suke tsayawa, kuma wannan ne gibin da ya kamata sharhi ya fi nuna musu.

4.3 Zubi da tsari

Wannan ya ƙunshi iyakokin hoto da matsayar mai ɗauka da lokacin da ya danna. Me aka shigar, me aka yanke? Me ke bayan mutumin, kuma yana taimako ko yana jan hankali? Da mai ɗauka ya tsuguna, ko ya matsa taku uku, ko ya jira daƙiƙa biyar, me zai sauya? Henri Cartier-Bresson ya shahara da littafinsa na 1952 a kan muhimmancin ɗan lokacin da motsi da tsari ke haɗuwa su ba da ma'ana. Ga ɗan koyo, fassarar wannan ita ce haƙuri, domin mafi yawan kurakuransa na tsari daga gaggawa suke, ko daga kunyar matsawa kusa da mutane.

4.4 Haske

Haske a hoto shi ne makwafin sarrafa harshe a waƙa, kuma a nan ne alƙali ke bukatar sanin ƙasar da aka ɗauki hoton. Kyamara, idan an bar ta ta auna haske da kanta, tana ƙoƙari ne ta daidaita duk abin da ke gabanta zuwa matsakaicin haske. Saboda haka idan baƙin mutum ya sa farar riga ya tsaya a tsakar rana, sai farin rigar ya rinjayi awon, kyamara ta rage haske, fuska ta dushe ta koma inuwa. Matsalar tana da tarihi. Lorna Roth ta nuna a wani bincike na 2009 cewa katunan da masu wankin hoto mai launi suka daɗe suna daidaita injinansu da su hoton farar mace ne ke kansu, kuma sai a shekarun 1990 aka fito da masu ɗauke da launin fata iri-iri. Alƙalin da ya ce wa ɗan koyo "fuska ta yi duhu" kawai ya faɗi cuta bai faɗi magani ba. Maganin kuwa a kusa yake: a janye mutumin zuwa inuwar zaure ko ta bishiya, ko a ɗauka da hantsi ko da la'asar sakaliya, ko a taɓa fuskar a gilashin waya don awon ya koma kanta. Haka nan hazon hunturu, wanda alƙalin da bai san shi ba zai ɗauka rashin tsabtar hoto ne, alhali a gasar yanayi shi ne jigon kansa.

4.5 Bayani da amana

Hoton gasa ba ya tafiya shi kaɗai, yana tafiya da suna da ɗan bayani. Hoton da aka sa wa suna "wani mutum yana aiki" ya rasa rabin amfaninsa a rumbun da ake nufin ilmi da shi. A faɗi garin, da sana'ar, da shekarar, da sunan abin da ake yi da harshen masu yin sa. Wannan wuri ne da malamin harshe ke da ta cewa fiye da kowa, domin kalmomi irin su karofi da mabuga da baba suna iya samun mazauni a ƙarƙashin hoto ko da sun fara ɓacewa daga bakin matasa.

Amana kuwa fuska biyu gare ta. Ta farko tsakanin mai hoto da mai kallo ce: shin abin da aka nuna ya faru? A gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an yi musu sauyin da ya wuce ƙa'ida, kuma a 2023 Bajamushen nan Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da aka ba shi a gasar Sony, yana mai bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta samar da hoton. Idan haka ta faru a tsakanin ƙwararru, to ɗan koyo ya fi bukatar a bayyana masa iyakar gyaran da gasa ta yarda da shi. Fuska ta biyu tsakanin mai hoto da wanda aka ɗauka ce. Jigo irin na gida da muhalli yana kai kyamara cikin tsakar gida, inda mata da yara suke, kuma lasisin da ya yarje wa kowa amfani da hoto ya haɗa har da 'yan kasuwa. Tambayar ko an nemi izini, kuma ko wanda ya ba da izinin ya san inda hoton zai je, tana cikin aikin mai sharhi.

5.0 Misali

A ɗauka cewa jigon gasa shi ne mutane a bakin aiki, sai wani ɗan koyo ya kawo hoto daga marinar Ƙofar Mata ta Kano. A hoton, wani dattijon marini yana tsaye da tsakar rana a bakin ramin rini, ya baza wani rinannen zane a ƙirjinsa, yana murmushi yana duban kyamara. Gefen ƙasa na hoton ya yanke ramin, zanen ya rufe hannuwansa, a bayansa kuma akwai babur da turken lantarki da ya yi daidai da hularsa.

Sharhin da aka saba ji zai ce: "Hoto ya yi kyau, sai dai haske ya yi yawa, kuma ba a bi ƙa'idar kashi uku ba. Maki 6." Babu ƙarya a ciki. Amma idan mai hoton ya koma gobe ya gyara waɗannan biyu, zai dawo da hoton mutum yana nuna zane, wanda aka tsara da kyau, har yanzu babu aiki a ciki.

Sharhin da ya bi matakan da aka zayyana zai yi kusa da haka: "Malam, abin da ido ya fara gani shi ne fuskar dattijon nan da sakin jikinsa, kuma wannan ya nuna ka gaisa da shi ka sami yardarsa kafin ka ɗauka, abin da da yawa ba sa yi. Shuɗin zanen ma ya fito sosai. Sai dai jigon aiki ne, shi kuwa a nan ya dakatar da aikin don ya tsaya maka. Hannuwansa, waɗanda baba ya rina, su ne shaidar sana'arsa, ga shi zane ya rufe su, ramin kuma ya fita daga hoton. In ka koma, ka je da hantsi, ka roƙe shi ya ci gaba da aikinsa kamar ba ka nan, ka tsuguna daidai bakin ramin. Zane yakan fito daga ruwan baba da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi. Ka jira wannan lokaci. Tsugunawar kuma za ta kawar maka da babur da turken da ke bayansa."

Abin lura a nan shi ne sharhi na biyu bai fi na farko sassauci ba. Hasali ma ya fi shi tsanani, domin ya ce hoton bai cika jigo ba. Bambancin shi ne ya ambaci abin da aka yi daidai da sunansa, ya tsaya a kan babban gibi guda maimakon jera ƙanana biyar, ya kuma ba da abin da za a iya aikatawa da wayar da ke hannu ba tare da sayen sabuwar kyamara ba. Har wa yau ya nuna cewa mai sharhin ya san rini. Wanda bai san zane na sauya launi a iska ba, ba zai iya gaya wa mai hoto abin da zai jira ba.

6.0 Tarkon jigo

Akwai wani haɗari da ke cikin jigo shi kansa, wanda ya kamata alƙali ya sa ido a kai. A 1955 Edward Steichen ya shirya wani babban nuni a New York mai suna The Family of Man, inda ya tara hotuna 503 daga ƙasashe 68 ya jera su bisa jigogi irin su haihuwa da aiki da mutuwa. Nunin ya zaga duniya, miliyoyin mutane suka gan shi. Amma Roland Barthes, a littafinsa na 1957, ya soke shi da cewa jera hotuna ta wannan hanya yana shafe tarihi, yana sa a ga kamar aikin kowa da haihuwar kowa iri ɗaya ne, alhali yanayin da ake yin su ya sha bamban. Gasa mai jigo tana iya faɗawa wannan rami. Idan aka ce "al'ada", sai kowa ya nufi hawan salla ko kamun kifin Argungu, domin su ne aka san baƙi na so. Ba a musun darajarsu, tun da UNESCO ta sa bikin Argungu a jerin gadon al'adun duniya a 2016, ta sa hawan sallar Kano a 2024. To amma rumbun da ya cika da dawaki, ya rasa mai gyaran waya da mai niƙa da ɗalibar jinya, ya ba da rabin labari.

Maganin wannan yana cikin aikin J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rayu daga 1930 zuwa 2014. A 1968 ya fara ɗaukar hotunan kitso da gyaran gashin matan Nijeriya, ya ci gaba shekaru da dama har ya tara kusan dubu. Sau da yawa daga baya yake ɗauka, a gaban fili maras ado, yana kuma rubuta sunan kowane kitso da inda ya fito. Ya ɗauki jigo ƙarami ya nutsa a ciki, har ya zama abin da masu tarihi da masu fasaha duka ke komawa gare shi. Darasin ga mai sharhi shi ne ya riƙa tura ɗan koyo zuwa ga abin da ya sani fiye da kowa, watau unguwarsu da sana'ar gidansu, ya kuma yaba wa wanda ya ƙuntata jigo ya zurfafa, ko da hotonsa bai kai na mai dawaki ƙyalli ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa gasa mai jigo ta samo asali daga ƙungiyoyin 'yan koyo na Turai, inda ake magana a kan kowane hoto amma maganar ta cika jingina ga ƙa'ida, ta kuma bunƙasa a intanet, inda hotuna suka yi yawa har magana ta gagara. An kuma nuna cewa sharhi mai amfani yana farawa da bayyana abin da ke cikin hoto, ya auna shi da jigo, sa'an nan ya dubi tsari da haske da bayani a matsayin masu yi wa jigon hidima.

Manyan gasanni ba za su iya yi wa kowa wannan ba, kuma ba a sa ran su yi. Wurin yin sa shi ne ƙananan zama: aji a kwalejin horon malamai, ƙungiyar ɗalibai a sashen harsuna, ko taron 'yan gari da ke shirin shiga gasa, inda za a baje hotuna goma ko ashirin kafin a aika da su, a feɗe su da Hausa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan zama zai tilasta a nemo wa dabarun hoto sunaye na Hausa da za su zauna a baki, kamar yadda aka yi wa dabarun waƙa shekaru hamsin da suka wuce, kuma wannan aiki ne da ke jiran masana harshe da masu ɗaukar hoto su zauna tare su yi shi.